Talabijin ɗin makaranta da ya mutu kafin ya iso Gangara

Da yawa daga cikin matasan da suka taso suna kallon Télé Sahel ba su san cewa da karatun yara aka fara talabijin a Nijar ba. Shekaru 15 kafin a buɗe tashar ƙasa a 1979, akwai wata tasha a Yamai wadda ba ta karanta labarai, ba ta nuna shugaban ƙasa yana sauka daga jirgi, aikinta ɗaya shi ne koyar da 'yan firamare. Sunanta Télévision scolaire du Niger, wasu kuma na kiranta Télé-Niger. Ta fara a 1964, ta yi suna har masana harkar ilimi daga Turai da Amurka suka riƙa rubutu a kanta, sannan ta shuɗe a ƙarshen shekarun 1970 ba tare da yaran gabashin ƙasa sun amfana da ita ba.

Tuno da wannan tasha ya zama dole a yanzu, domin maganar da aka yi a wancan lokaci ita ce ake sake yi yau da sabon kaya. A da an ce akwatin talabijin zai cike giɓin malamai. Yau ana cewa kwamfutar hannu da intanet za su cike shi. Garuruwa irin su Gangara, a gundumar Tanut ta ƙasar Damargu, su ne kullum ake ambata idan ana neman kuɗin irin waɗannan shirye-shirye, kuma su ne na ƙarshen gani idan kayan sun iso.

Matsalar da ta haifi tashar ba ɓoyayya ba ce. Lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, abin da ya sa ƙasar ta kasance cikin na baya-baya a duk yankin da Faransa ta mulka. Shugaba Diori Hamani tsohon malamin makaranta ne, haka ma Boubou Hama da ke shugabantar majalisa, saboda haka sun san abin da ake nufi da rashin malami. Horar da malami ɗaya ta hanyar da aka saba na ɗaukar shekaru, kuma waɗanda suka yi karatun da za a iya horar da su ɗin ma 'yan kaɗan ne, ma'aikatun gwamnati na rububinsu. A nan ne Faransa ta kawo tayin gwaji: a tara ƙwararru kaɗan a ɗakin shirye-shirye guda, su tsara darasi mai kyau, a aika shi ta iska zuwa azuzuwa da yawa a lokaci ɗaya.

An fara da aji biyu kacal a Yamai. A 1966 aka faɗaɗa zuwa azuzuwa 22 a kewayen birnin, da yara kimanin 800. Kuɗin na Faransa ne, kuma tawagar da ke tsara darussan, wadda Max Egly ya jagoranta, ta haɗa masana koyarwa da masana halayyar yara da masu zane da masu ɗaukar hoto. A kowace rana ana watsa gajerun shirye-shirye guda huɗu, kowane bai kai rubu'in awa ba. Ba a ɗora malami gaban allo yana zuba bayani a ɗauke shi hoto ba. Wasan kwaikwayo ake yi, da zane mai motsi, da 'yan wasa 'yan ƙasa, a kasuwa ko a bakin rijiya ko a gona, wuraren da yaro ya sani. Idan an kashe akwatin, sai aji ya ɗauki abin da ya gani ya maimaita shi, ya yi gardama a kai, ya kwaikwaye shi.

Wanda ke tsaye a cikin ajin shi ne ainihin abin lura a wannan tarihi, kuma shi ne aka fi mantawa. Ba mushe ne da ya fito daga makarantar horon malamai ba. Saurayi ne da iyakar karatunsa sartifika ta firamare, aka ba shi horo na 'yan watanni, aka kira shi monita. A tsarin da aka saba, irin wannan saurayi ba zai iya riƙe aji ba. Amma a nan ba a sake shi shi kaɗai ba. Kowace rana yana da takardar jagora da ke gaya masa abin da zai yi kafin shiri da bayansa, yana ganin yadda ake gabatar da darasi a akwatin yana koyo tare da yaran, kuma akwai masu zagayawa suna duba abin da ya shige wa yara da abin da bai shige ba, su koma su gaya wa masu tsara shirin a gyara. Wato darasin da ya gagara a aji yau, yana iya canza yadda za a tsara na gaba.

Sakamakon ya ba mutane mamaki. A ƙasar da yara ke gudun lakwal, iyaye kuma ke ɓoye su idan an zo ɗauka, yaran talabijin ba su cika fashi ba, waɗanda suka bar karatu a hanya kaɗan ne ƙwarai, kuma ba a maimaita aji. Masu ziyara sun yi ta ba da labarin yara masu sakin jiki, masu tambaya, masu magana da Faransanci ba tsoro, a zamanin da bulala da haddar da ba a fahimta ba suka zama ruwan dare a sauran makarantu. Wilbur Schramm, masanin sadarwa na Amurka, ya sa Nijar cikin manyan misalan da ya yi nazari a kansu tare da Samowa ta Amurka da Salbado da Kodebuwa.

Akwai ma wani abin alfahari da ba a cika faɗa ba. Da yake ƙauyukan ba su da lantarki, tun a ƙarshen shekarun 1960 aka gwada kunna akwatin makaranta da farantin hasken rana a kusa da Yamai, a lokacin da yawancin duniya ba ta san wannan fasaha ba sai a jikin tauraron ɗan adam. Farantin da ɗan ci-rani ke saya yau a Agadas ko Sabha ya aiko gida a yi cajin waya, a ajin 'yan firamare aka fara gwada irinsa a Nijar.

To me ya kashe ta?

Amsa mafi sauƙi ita ce tsada, kuma akwai gaskiya a ciki. An gina ɗakin shirye-shirye, an kawo ƙwararru daga waje, an yi shekaru ana aiki, amma duk domin yara 800. Rukuni guda aka ɗauka aka bi shi aji bayan aji, maimakon a riƙa ɗaukar sababbi kowace shekara. Duk wanda ya raba kuɗin a kan yawan yaran zai ga abin ya fi ƙarfin talakar ƙasa. Sai dai talabijin abu ne da tsadarsa ke raguwa idan masu kallo sun ƙaru: kuɗin shirya darasi ɗaya ne, ko yara 800 suka kalla ko 80,000. Rashin faɗaɗawa ne ya sa ta yi tsada. Ko bayan da hukumomin Nijar suka karɓi ragamar a farkon shekarun 1970 aka ƙara yawan azuzuwan suka haura ɗari, abin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da yawan yaran ƙasa.

Dalilin rashin faɗaɗawar shi ne tashar ta taso kamar agola a gidan ilimi. An tsara ta a gefe, da kuɗin waje da shugabancin waje, nesa da sufetoci da malaman da ke riƙe da sauran makarantu. Malamin da ya sha wahalar shekaru kafin ya samu takardarsa ba zai yi murna da jin cewa mai sartifika da akwati sun isa su yi aikinsa ba, kuma ba a yi wani ƙoƙarin kirki na jawo shi ciki ba. Da lokacin jarrabawa ya zo, sai aka auna yaran talabijin da ma'aunin tsohon tsari, na shifta da nahawun Faransanci a rubuce, alhali an tarbiyyantar da su a kan magana da fahimta, an kuma so su gama cikin shekarun da ba su kai shidan da aka saba ba. A nan suka nuna rauni, masu adawa kuma suka samu abin riƙewa. Babu wanda ya zauna tun farko ya daidaita abin da ake koyarwa da abin da za a tambaya.

Sannan ga maganar harshe, wadda ita ce ta fi shafar Damargu. Duk wannan ƙwarewa da aka zuba, an zuba ta ne domin a koya wa yaro Faransanci tun ranar farko, da Faransanci. Yaran kewayen Yamai da Zabarmanci suka tashi, amma akwatin bai yi musu magana da shi ba. Abin da ya ƙara sa wannan ya zama abin takaici shi ne, a shekarar 1964 ɗin da aka buɗe tashar, Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, ya fitar da littafinsa L'Éducation en Afrique, inda ya kare koyar da yaran Afirka da harsunansu. Shi ne kuma daga baya ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin hasken rana, kuma sunansa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi yau. An ɗauki fannin hasken ranarsa da muhimmanci, shawararsa kan harshe kuwa ta daɗe tana jira. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci, a Damagaram. Gwaje-gwaje biyu ke nan a ƙasa ɗaya a zamani ɗaya, ɗaya a yamma yana da na'ura ba harshe, ɗaya a gabas yana da harshe ba na'ura, tsakaninsu kusan kilomita 900, kuma ba a taɓa haɗa su ba.

Masu kare matakin rufewa za su ce a tuna da halin da ƙasa ke ciki. Farin 1973 da 1974 ya karkashe dabbobi ya tarwatsa garuruwa, kuma Damargu, wadda ake yi wa kirari da rumbun gero, ta ɗanɗana kuɗarta. Shi ne ma ya share fagen juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 da ya kawo Seyni Kountché. Gwamnatin da ke neman hatsi ba za ta sa talabijin a gaba ba. Wannan hujja ce mai nauyi, amma ba ta kai ƙarshen labarin ba, domin ba a cikin yunwa tashar ta mutu ba. Ta mutu ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom na Arlit ke shigowa fiye da kowane lokaci a baya, ana gina manyan gine-gine a Yamai ana shimfiɗa hanyoyi. Kuɗin kafa talabijin na ƙasa bai gagara ba. A kan kayan aiki da ma'aikatan talabijin ɗin makaranta aka dasa Télé Sahel. Da eriya ta fara kaiwa sauran jihohi, aka kuma rarraba akwatunan kallo na jama'a a garuruwa, abin da ya iso shi ne labarai da jawabai da wasannin samariya. Zaɓi aka yi, kuma yara ba su ne aka zaɓa ba.

Duk da haka, kuskure ne a mayar da wannan tarihi abin kuka, a ce da an bar tashar da yanzu kowane yaro a Gangara ya iya karatu. Kodebuwa ta ɗauki darasin Nijar ta yi shi da girma. Ta kafa cibiya a Buwake, ta fara watsa darussa a 1971, ta kai ga dubban ɗaruruwan yara, amma a farkon shekarun 1980 ita ma ta rufe, bayan iyaye da malamai sun yi ta ƙorafin cewa yara na magana amma rubutu ya gagare su. Akwati shi kaɗai bai ceci kowa ba, ko a ƙasar da ta fi Nijar kuɗi nesa ba kusa ba.

Abin da ya cancanci a ɗauko daga kabarin Télé-Niger shi ne yadda ta riƙe monita. Nijar ta yau cike take da monitoci, sunan kawai aka canza. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malaman sa-kai, daga baya 'yan kwantaragi, har suka zama su ne mafi yawan masu koyarwa a firamare. Da ma'aikatar ilimi ta yi musu jarrabawar tantancewa a 2017, a zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, akasarinsu ba su kai matsakaicin maki ba. Aka yi ta yi musu dariya a kafafen sada zumunta, kamar su suka ɗauki kansu aiki. Kafin nan, binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ke ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matakin da ake buƙata a karatu ba. Bambancin ɗan kwantaragin yau da monitan 1966 shi ne, na da yana da wanda ke tura masa darasin gobe, yana da wanda ke zuwa ya ga yadda ya yi. Na yau ana ba shi takardar tura aiki, a nuna masa hanyar ƙauye, shi ke nan.

Wanda ya san Damargu ya san yadda shekarar karatu ke tafiya a ƙauyukanta. A takarda ana komawa makaranta a watan Oktoba. A zahiri, inda ajin na kara ne, sai an gama girbi an samu karan da za a kafa rumfar. Idan damina ta yi gardama, gidaje kan tashi ci-rani da yaransu tun kafin sanyi ya wuce, makiyaya kuma suna bin ciyawa da ruwa ba kalandar ma'aikata ba. Malami na barin aji ya tafi gari karɓar ɗan abin da ake biyansa, tafiyar da kan ci kwanaki. A cikin aji ɗaya ana iya samun ɗan Hausa da ɗan Dagira da ɗan Buzu da ɗan Fulani, kuma Hausar kasuwa ce ta haɗa su, ba Faransanci ba. Wannan duk a gundumar da matatar mai ta SORAZ ke zaune tun 2011, a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut. Yaron Gangara ko na Belbeji na iya ganin tankokin mai suna wucewa, amma bai iya karanta abin da aka rubuta a jikinsu ba.

A irin wannan wuri, rabon kwamfutar hannu ga yara maimaita kuskuren 1964 ne da ƙaramin akwati. Za a kawo kaya da kuɗin wani, a ɗauki hoto, batir ya mutu, gilashi ya fashe, shirin ya ƙare ranar da mai ba da kuɗin ya tattara nasa ya nasa. Abin da ya fi araha, ya kuma fi kusa da abin da ya yi aiki a da, shi ne a nufi malamin. Kusan kowane ɗan kwantaragi na da waya a aljihu. Darasin mako da aka tsara da kyau, da Hausa a azuzuwan farko, da murya da ɗan gajeren hoto da takardar jagora, zai shiga katin waya ɗaya, kuma ba ya buƙatar intanet kullum. Rediyo ma na nan. Ƙasar da ta kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo tun 1962, ta kuma cika da gidajen rediyon karkara, ba za a koya mata wannan ba. Abin da ba ya sayuwa a kasuwa shi ne sauran rabin aikin: mutumin da zai hau babur ya je ajin, ya zauna a baya, ya ga inda yara suka kakare, ya dawo da labari a gyara darasin. Masu ba malamai shawara suna nan a ofisoshin sufeto, sau da yawa man babur ne ke hana su fita.

Uzurin doka ma ya ƙare. Dokar ilimi ta 1998 ta riga ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, kuma kundin da hukumomin Janar Abdourahamane Tiani suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki. An yi ta murna da wannan a Facebook da TikTok. Amma matsayin harshe a kundi ba ya koya wa yaro haɗa baƙi. Idan har ba a samar da darussan lissafi da karatu na aji ɗaya da aji biyu da Hausa ba, tare da kula da yaran da Tamajak ko Fulatanci ko Barbarci ne harshen gidansu, to Hausa za ta zama kamar makarantun gwajin 1973, waɗanda suka shafe shekaru da dama ana kiransu gwaji. Kuma wannan karon dole a daidaita da jarrabawa tun farko, a kuma sa malamai da ƙungiyoyinsu cikin masu tsarawa, domin an riga an ga abin da ke faruwa idan aka bar su a waje.

Akwai rawar da 'yan Damargu mazauna Yamai da Agadas da Kano da Libiya da Aljeriya za su iya takawa, kuma ba sai sun jira gwamnati ba. Ƙungiyoyin 'yan asalin gari sun saba tara kuɗi a gina masallaci ko a gyara famfo, wani lokaci a sayi tebura. Ba a cika jin an tara domin man babur ɗin mai duba malamai ba, ko domin ɗakin da malami zai zauna ya daina gudu gari, saboda waɗannan ba a ɗaukarsu hoto a tura a guruf. Su ne kuwa ke sa aji ya buɗe ranar Litinin. Matasan da suka iya ɗaukar bidiyo da haɗa murya a waya, waɗanda ke ɓata basirarsu a barkwancin minti ɗaya, suna riƙe da kayan aikin da ya fi na ɗakin shirye-shiryen Yamai na 1966 ƙarfi. Abin da suke buƙata shi ne su zauna da gogaggen malamin aji ɗaya, wanda ya san inda yaro ke tuntuɓe tsakanin "ba" da "ɓa".

Gidan RTN, wanda a da ake kira ORTN, shi ne magajin Télé-Niger, kuma yana da bashin da zai biya. Ya kamata ya tattara duk abin da ya rage na wancan zamani, a ajiyarsa ko a ajiyar Faransa, ya nuna wa jama'a. Yaran da suka shiga aji a 1966 yanzu sun haura shekara 60, monitocinsu kuma sun fi haka. Har yanzu ana iya samun waɗanda za su zauna gaban kyamara su faɗi yadda aka koyar da su, da abin da ya same su ranar da suka shiga ajin da babu akwati, kafin a sa hannu a kan wata sabuwar yarjejeniyar kawo na'urori makarantun Tanut da Belbeji.